Na Je Wa Bature Neman Aure

Mutumin da ya fara ce mini "sannu" a ƙasar Ingila shi ne ya fara cuta ta. A bakin tashar jirgin ruwa ta Libaful na gamu da shi, wani dogon Bature mai jan hanci. Ya ce ya yi soja da Hausawa a yaƙin Bama, har Kano ya sani. Ni kuwa na sha wuya a kan ruwa, ban da amai ba abin da na yi tun daga Ikko, don haka jin kalmar nan guda daga bakin baƙo ya sa na saki jiki. Na gaya masa za ni wani gari ne a tsakiyar ƙasar, garin majema da masu ɗinkin takalma, inda gwamnati ta turo ni koyon jima irin ta zamani. Ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ƙanwarsa tana da ɗakin haya a can. Ya karɓi kafin alƙalami, ya gaya mini sunan layi da lambar gida. Da na isa na tarar da layin, amma inda gidan ya kamata ya kasance kango ne, ciyawa ta cinye shi.

Ni ɗan Gafasa ne, ta ƙasar Ajingi. Kafin tafiyar nan malamin fata ne ni a En'e, aikina in zaga kasuwannin Gaya da Kademi ina duba kirgi da fatun awaki, in ga wanda mahauci ya huda wajen fiɗa, in yi masa faɗa, ya ba ni haƙuri, mako mai zuwa ya sake hudawa. Turancina na makaranta ne, zai rubuta rahoto ya cika fam, amma bai san yadda ake roƙon wurin kwana ba. Na yi ta bin gidajen da aka liƙa sanarwar haya. Wata ta ce yanzun nan aka kama ɗakin, wata ta leƙo ta taga ta saki labule, wani tsoho kuwa bai ɓoye ba, ya dubi fuskata ya ce ba sa ɗaukar irina. Na koma wani masaukin direbobi kusa da tasha, inda nake salla a tsakanin gado da bango, ina kwana da akwatina a ƙarƙashin kai. A kwanakin nan na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Har warin kasuwar fata ta Kademi na yi kewa.

A majemar da aka kai ni koyon aiki akwai wani ƙaton saurayi mai suna Harold, wanda ni na mayar da shi Haro, ya kuma amsa. Shi ke kula da ramukan da ake jiƙa fata a ruwan toka. Yana da in'ina mai tsanani, irin wadda kalma za ta tsaya masa a maƙogwaro har wuyansa ya yi ja. Wata rana lokacin cin abinci ya gan ni ina cin gayan burodi, ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Ɗ-ɗ-ɗakin b-babana..."

"Babu kowa a ciki?" na ƙarasa masa.

Ya gyaɗa kai. Da yamma ya ɗauki akwatina a kafaɗa, ya kai ni wurin mahaifiyarsa, wata gajeriyar dattijuwa mai suna Elsi, wadda mijinta ya rasu tun Haro yana yaro. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai ƙashi ne da fata. Zauna." Tun daga ranar nake kiran ta Mama. Ta keɓe mini tukunya da cokali da babu abin da ya haɗa su da naman alade, ba tare da na roƙa sau biyu ba.

Duk maganar da Allah ya rage wa Haro, ya ƙara wa Mama. A wurinta na koyi Turancin da ba a koyarwa a aji, musamman na soyayya, don ita ba abin da ta fi so kamar labarin wa ke neman wa a unguwa. Ni kuma mutum ne mai bin diddigi tun ina yaro, in na ji magana sai na ga gindinta. Muna zaune a kicin tana ferar dankali sai ta ce ɗan mai sayar da madara ya faɗa cikin soyayya.

"Ya faɗa, Mama? Me ya sa kuke cewa faɗawa?"

"To me za mu ce? Ku me kuke cewa?"

"Mu cewa muke so ya kama shi."

Ta ajiye wuƙa ta yi tunani, ta ce, "Naku ya fi ban tsoro." Na ce ai nasu ma ba dama, tunda ba wanda ke faɗawa abu da gangan. Daga nan ta buɗe mini jaka. Wanda abin ya yi wa yawa, cewa suke ya wuntsila, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wanda aka rabu da shi amma bai daina so ba, wai yana nan riƙe da fitila. Budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba, an bar ta a kan kanta, kamar gwangwanin da ba a saya ba, wannan kam na ce mata babu tausayi a cikinsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ta ce in an zo aure ƙulli suke ɗaurewa. Na ce, "Ashe mun haɗu a nan, mu ma ɗaurawa muke." Ta yi murna kamar ta tsinci ɗan'uwa.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na mutum na uku. A wurinsu saurayi da budurwa fita suke yi tare, su biyu, su yi ta yawo a gefen kogi, kuma sunan neman auren ke nan, fita tare. In wani ya bi su, suna kiran sa da sunan wani ɗan itace mai tsami da suke dafawa da sukari, don wai ya tsamar da hira. Na ce wa Mama a garinmu wanda ya je zance shi kaɗai shi ne abin zargi. Na ba ta labarin Hansai, yarinyar da nake nema a Kademi. Abokina Ɗanjuma ne ya fara kai mata maganata ta bakin ƙawarta. In mun je ƙofar gidansu shi ke zuba, ni ina gefe ina zane a ƙasa da tsinke, ita kuma tana kallon ƙafarta. In lokacin aure ya yi, baffannina ne za su je wurin nata, su ce suna neman iri.

"Kai fa? Me ka taɓa ce mata?"

"Na ce mata ina wuni."

Mama ta yi dariya har ta share hawaye da gefen riga. Ni ban ga abin dariya ba, don a ganina tsarinmu ya fi rufin asiri.

Haro ma yana da wadda yake fita da ita. Sunanta Nora, tana ɗinkin saman takalma a wata masana'anta da ke gangaren layinmu, siririya ce mai kaifin ido. Sun fara fitar nan tun kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai, har unguwa ta gaji da zancensu. Na lura in suna tare ba ta hanzarta shi. Zai tsaya a kan kalma, ita kuma ta zuba masa ido ta jira, ko da shayinta zai huce. A lokacin na ɗauka rashin taimako ne.

Abin da ya rage tsakaninsu abu guda ne, wanda Turawa ke kira tambayar. Ba sa ma cewa wace tambaya, kowa ya san ta. Namiji zai durƙusa da gwiwa ɗaya, ya fito da zobe, ya tambayi mace da bakinsa ko za ta aure shi. Haro ya sayi zoben tun tuni, yana yawo da shi a aljihu har kwalin ya fara saɓulewa. Sau da yawa ya shirya, in ya buɗe baki sai maganar ta ƙi. Ana cikin haka yayar Nora da ke Kanada ta samo mata aiki a can. Nora ta gaya wa Mama a gabana cewa in sanyi ya wuce ba a tambaye ta komai ba, za ta tafi, kuma ba da wasa take ba.

"Ƙafarsa ce ta yi sanyi," in ji Mama bayan ta fita, wato tsoro ya kama shi.

Na dubi Haro, mutumin da ya ɗauki akwatina a kafaɗa lokacin da gari duka ya rufe mini ƙofa, yana zaune ya dafe kai, zai rasa mace saboda kalmomin da ba su kai cikin cokali ba. Abin ya tsaya mini a rai. A garinmu ai mai in'ina ba ya rasa aure, don ba a ɗora wa ango magana. Na same shi a bayan gida na ce, "Haro, kana son ta?" Ya gyaɗa kai. "Kana so a yi auren nan?" Ya sake gyaɗawa. Na ce, "To ka bar mini." Ya dafa kafaɗata ya yi murmushi. Daga baya na gane ya zaci addu'a zan yi masa. Ni kuwa a wurina an ba ni wakilci ke nan.

Na san ba ni ne ya kamata in je ba, aikin manya ne. Amma Haro ba uba, ba baffa, kawunsa ɗaya ya mutu a yaƙi. Ran Lahadi da la'asar na ɗora babbar rigata a kan suwaita biyu, na kafa hula, na ɗauko ɗan goron da wani ɗalibi Bazazzage ya aiko mini daga Landan, wanda nake ta lallaɓawa a jiƙaƙƙen tsumma ina ci ɓari-ɓari. Na zaɓi manyan, na ƙulle a farin hankici, na haɗa da alewa. Yaran layi suka bi ni a baya har ƙofar gidan su Nora.

Mahaifinta, Mista Tom, tsohon maɗinkin takalma ne da ya ajiye aiki ya koma kiwon tattabaru. A bayan gida na same shi a bakin akurkinsu. Na cire takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi sanyi, na tambayi tattabaru. Ya amsa na farko da na biyu, a na uku ya ce, "Ɗana, lafiya dai? Wani ne ya mutu?"

Na ce alheri ne. Na ajiye hankicin a gabansa na kwance. Na ce na zo ne a madadin ɗan'uwana Harold, wanda ya san shi, ya san halinsa da sana'arsa, muna roƙon ya ba mu auren 'yarsa Nora. Na tsara maganar yadda na ji baffana Malam Sule yana yi, har na ji daɗin kaina.

Tsohon ya ɗauki goro ɗaya ya jujjuya, ya gatsa don kada ya kunyata ni. Fuskarsa ta tattare wuri guda, amma ya daure ya haɗiye. Sannan ya ce, "Ka yi mini girma, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma ba ni zan zauna da shi ba. In don ni ne, da na ba shi ita tun shekarun baya in huta. Ba a hannuna abin yake ba."

"Shi ya aiko ka?"

Nora ce a bakin ƙofar kicin, hannunta da kumfar sabulu. Ta ji komai. Na miƙe na ce bai aiko ni kai tsaye ba, amma na san zuciyarsa, kuma a ƙasarmu haka ake yi don a sauƙaƙa wa mutum.

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Inuwa, na san da alheri ka zo. Amma ka duba. Mamarsa tana ƙarasa masa magana. Mai kanti yana ƙarasa masa, kwandastan bas yana ƙarasa masa, kai ma na ji ka kana yi. Tun yana yaro ba a taɓa barin sa ya kai ƙarshen zance ba. Ni kaɗai ce ban taɓa ba. Shekarun nan duka ba zobe nake jira ba, na san yana aljihunsa, ina jin tudunsa in mun zauna a silima. Magana ɗaya na ce a bar mini in ji daga bakinsa, ita ma ga shi an aiko da ita." Ta sunkuya ta ƙulle hankicin, ta sa mini a hannu. Ta ce gobe in an tashi daga aiki za ta je ta yanki tikitin jirgi.

Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in an mayar wa masu neman aure da goronsu. Na fito har na manta takalmana, sai da Mista Tom ya biyo ni da su.

A gida na faɗi abin da ya faru, ban rage komai ba. Mama ta ja kujera ta zauna. Haro ya miƙe, ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle, ya haye sama. Na shiga ɗakin mahaifinsa na fara haɗa kayana, don ban ga da wane ido zan sake cin abincin gidan ba. Mama ta leƙo ta ce, "Mayar da akwatin nan. Wanda ya zubar da miya ba ya gudu ya bar wa wasu shara."

Washegari muka yi aiki gefe da gefe bai dube ni ba. Da aka busa usur na cin abincin rana sai ya kama hannun rigata ya ce, "Z-z-zo." Ko gaban-rigar aikinsa ta roba bai cire ba, yana warin toka da ɗanyar fata. Muka gangara har ƙofar masana'antar su Nora, inda mata suka fito suna cin burodi a kan dakali. Ya nuna mini wani wuri kusa da bango ya ce, "Ts-tsaya nan. K-k-kada ka..." Ya ɗora yatsa a leɓe. Yau ga ni na zama ɗan itacen nan mai tsami, kuma da gayyata.

Nora ta fito. Haro ya durƙusa a kan jiƙaƙƙun duwatsun titi, ya ciro kwalin nan da ya sha aljihu. Matan suka daina tauna.

"N-Nora. Z-z-z..."

Ya tsaya a nan. Wuyansa ya yi ja, jijiyoyin goshinsa suka tashi, idonsa ya rufe. Wallahi kalmar tana kan harshena, tana neman fita da kanta. Na laluba aljihu na ji hankicin jiya, na ciro goro guda na cusa a baki gaba ɗaya, na datse shi da haƙori. Wata dattijuwa a kan dakali ta buɗe baki za ta taimaka, Nora ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba. Aka busa usur na komawa aiki, ba wadda ta motsa. Wani shugaban aiki ya leƙo zai yi faɗa, ya ga abin da ake ciki, ya cire hula ya tsaya.

"Z-za ki..." Ya ja numfashi. Gwiwar wandonsa ta jiƙe sharkaf. Nora tana tsaye, hawaye yana zuba, amma ba ta ce uffan ba, ba ta ko gyaɗa kai don ta rage masa hanya ba. "Za ki a-a-au... aure ni?"

Ta bari sai da ya buɗe ido ya dube ta, sannan ta ce, "Zan aure ka, Harold."

Matan nan suka kaure da ihu da tafi. Ni kuwa ga goro cike da baki, ga hawaye, na kasa ko cewa madalla.

An ɗaura ƙullin nasu kafin in gama kwas. Ashe su ma suna da babban abokin ango, shi ke riƙe zobe, kuma shi ke tashi ya yi jawabi a wurin walima, bayan an gama komai. Haro ya ce ni yake so. Mista Tom ya raɗa mini cewa yanzu ne lokacin maganata ya yi, in zuba son raina, amma don Allah kada in sake ba shi wannan abin mai ɗaci.

Da na dawo gida, bayan an gama zuwa yi mini barka, muka hau keke ni da Ɗanjuma muka nufi Kademi da yammacin wata ranar kasuwa. Hansai ta fito ta tsaya a inda ta saba, tana kallon ƙafarta. Ɗanjuma ya gyara murya zai fara, na dafa gwiwarsa na ce, "Dakata tukuna." Ban durƙusa ba, haukana bai kai nan ba. Amma na ajiye tsinken da na ɗauka, na kira sunanta, na ce ina son ta, na tambaye ta ko ta yarda in turo baffannina. A ranar na san abin da Haro ya ji, don ni da ba ni da in'ina sai da na yi ta. Hansai ta rufe fuska da mayafi ta ruga cikin gida. Kakarta ta fito da sanda tana tambayar Ɗanjuma ko abin da aka tura ni Ingila in koyo ke nan, rashin ta-ido. Sai ga ƙawarta ta biyo mu da gudu har bakin rijiya, ta ce an ce a turo.

Mun yi aure, mun haifi na haifa, mun aurar. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba, in na tayar ma sai ta ce in ji da tsufana. Bara waccan, ana shirin bikin wata jikarmu, ina zaure ina alwala, na jiyo 'yan matan sun kewaye ta a tsakar gida suna tsokana, wai su mutanen da me suka sani a soyayya, an dai haɗa su kawai. Na ji ta ajiye muciya.

"Ku yi wa wasu, ba ni ba," in ji ta. "A duk sa'o'ina na Kademi, ni kaɗai ce mai neman ya tambaya da bakinsa."